Da Muguwar Rawa: Tarihin Gwajin da Ya Auna Aikin Masu Ba Yara Shawara

Gabatarwa

A shekarar 1978 wata malamar jami'a a Amurka mai suna Joan McCord ta wallafa wata gajeriyar maƙala da ta girgiza masana halayyar ɗan Adam. Maƙalar ta ba da labarin maza 506 waɗanda aka raba gida biyu tun suna yara. Rabinsu an haɗa su da masu ba da shawara, waɗanda suka yi shekara biyar da ɗoriya suna ziyartarsu a gida, suna taya su karatu, suna kai su ganin likita, suna kuma sauraron damuwarsu. Ɗaya rabin kuwa an bar su yadda aka same su. Da aka bi sawunsu bayan shekara 30, sai aka tarar waɗanda aka taimaka ba su fi 'yan'uwansu da komai ba, hasali ma ta fuskoki da dama su ne suka fi shan wahalar rayuwa. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne, mafi yawan waɗanda suka amsa tambaya daga cikinsu sun ce shirin ya amfane su, kuma suna tuna mashawartansu da alheri.

An san wannan gwaji da sunan garuruwan da aka yi shi, wato Kambirij da Somabil, maƙwabtan birnin Boston a jihar Masacusets. Yana cikin gwaje-gwaje na farko da aka ɗora aikin taimakon yara a kan irin sikelin da ake auna magani da shi. Wannan maƙala za ta bi tarihinsa daga tushe, ta duba yadda sana'ar ba da shawara ta taso, da mutumin da ya ga ya dace a auna ta, da abin da aka gano, da kuma inda bincike ya dosa bayan nan. Hujjar da nake son kafawa guda ɗaya ce: kyakkyawar niyyar mai taimako da godiyar wanda aka taimaka, duk da darajarsu, ba su isa shaida cewa taimakon ya yi amfani ba, don haka wajibi ne sana'ar da ke shiga rayuwar yara ta riƙa bincikar kanta.

Tushen Sana'ar

Babba ya ja kunnen na baya tsohon abu ne da kowace al'umma ta sani. Amma mayar da shi sana'a mai ofis da albashi da horo, wannan ya faro ne a Amurka a farkon ƙarni na 20, lokacin da masana'antu suka cika birane, baƙi suka yi ta kwararowa daga Turai, yara kuma suna barin makaranta da wuri suna faɗawa duk aikin da suka ci karo da shi. A 1907 wani shugaban makarantar sakandare a garin Grand Rapids, Jesse Davis, ya sa malaman Ingilishi su riƙa ba ɗalibai rubutun insha'i a kan sana'a da ɗabi'a. A farkon 1908 Frank Parsons ya buɗe ofishin taimaka wa matasa zaɓen sana'a a wata unguwar talakawa ta Boston. Bai cika shekara a kan aikin ba ya rasu, amma littafin da ya bari, wanda aka buga a 1909, ya shimfiɗa matakai uku da har yau ake koyarwa: mutum ya san kansa, ya san sana'o'in da ke akwai da abin da kowace ke buƙata, sannan ya yi tunani na gaskiya a kan inda biyun suka dace. A shekarar 1908 ɗin ne kuma Clifford Beers, wanda ya yi shekaru a gidajen masu taɓin hankali, ya wallafa labarin uƙubar da ya sha a can, littafin da ya tayar da gangamin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

A hankali waɗannan hanyoyi biyu, ta zaɓen sana'a da ta lafiyar ƙwaƙwalwa, suka haɗe a makarantu da asibitocin gyaran halayyar yara. Abin da kowa ya yarda da shi a lokacin shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka gano yaron da ke shirin kangarewa, aka haɗa shi da babban mutum mai hankali da tausayi, to ai an ceto shi. Magana ce mai daɗin ji, kuma hankali ya ɗauke ta. Wannan ne ma ya sa kusan babu wanda ya ga dalilin gwada ta.

Likitan da Ya Saba da Binciken Gawa

Wanda ya ga dalilin shi ne Richard Cabot, likita a Babban Asibitin Masacusets kuma farfesa a Jami'ar Harvard, wanda aka haifa a 1868. Mutum ne da ya yi imani da aikin jin-ƙai, domin shi ne ya shigo da ma'aikatan walwalar jama'a cikin asibitin a 1905, bayan ya lura cewa talauci da matsin gida suna mayar da marasa lafiya asibiti ko da an ba su magani. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ta bambanta shi da sauran masu jin-ƙai. A 1912 ya wallafa nazarin da ya yi a kan gawawwaki 3,000, inda ya kwatanta cutar da likitoci suka ce marar lafiya na da ita yana raye da abin da binciken gawa ya nuna bayan ya mutu. Ya tarar ƙwararrun likitoci suna yawan kuskure, kuma da ba don binciken gawar ba da ba za su taɓa sani ba.

Da wannan idon ya dubi aikin gyaran halin yara. A 1931, yana shugaban babban taron ma'aikatan walwalar jama'a na ƙasa, ya ƙalubalance su da su samo ma'aunin da zai nuna nasarar aikinsu ko faɗuwarsa. A 1934 kuma wasu ma'aurata masana, Sheldon da Eleanor Glueck, suka bi sawun yara 1,000 da suka bi ta kotun yara da wani asibitin gyaran hali a Boston, suka tarar kimanin kashi 88 cikin 100 sun sake aikata laifi. Cabot ya ɗauki wannan a matsayin shaida cewa ana makara, sai yaro ya riga ya shiga hannun hukuma ake neman gyara shi. Rigakafi ya fi magani. A 1935 ya fara tsara shirinsa, da kuɗin gidauniyar da ke ɗauke da sunan marigayiya matarsa, Ella Lyman Cabot, ya kuma ƙudura cewa shirin zai zo da ma'auninsa tun daga ranar farko.

Yadda Aka Tsara Gwajin

An nemi makarantu da coci-coci da 'yan sanda da ofisoshin walwala su miƙa sunayen yara maza 'yan shekara 5 zuwa 13 daga unguwannin ma'aikatan masana'antu. An haɗa da yaran da ake ganin suna da wuyar sha'ani da kuma waɗanda ba su da wata matsala, domin kada shirin ya zama tambarin ɓatanci ga duk wanda aka gani a cikinsa. Bayan an tattara bayanai daga malamai da likitoci da iyaye, sai aka jera yara 650 biyu-biyu, kowane yaro da takwaransa wanda suka yi kama a shekaru da kaifin basira da yanayin gida da tarihin ɗabi'a. Daga nan aka jefa kwabo sama. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya shiga rukunin da za a taimaka, takwaransa kuma ya shiga rukunin da za a bari don kwatanci.

Wannan kwabo shi ne ƙashin bayan gwajin. Da a ce mashawarci ne ya zaɓi yaran da zai taimaka, zai iya karkata ga waɗanda suka fi saurin ɗaukar magana, ko ga waɗanda suka fi ba shi tausayi, kuma duk bambancin da aka gani daga baya ba za a san ko daga taimakon ya fito ko daga zaɓen ba. Ƙuri'a kuwa ba ta san ɗan wane ba. Tun da rukunonin biyu sun tashi daidai, rayuwar yaron da aka bari ita ce mafi kusa da abin da zai faru da takwaransa da a ce ba a taɓa shi ba.

Aikin ya kankama a 1939, shekarar da Cabot ya rasu. Kowane yaro a rukunin farko ya sami mashawarci wanda ke ziyartarsa kimanin sau biyu a wata. Fiye da rabinsu an sama musu mai koya musu darasi bayan makaranta, fiye da 100 an kai su ganin likitan jiki ko na ƙwaƙwalwa, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu an tura su sansanin hutun bazara, da yawa kuma an shigar da su ƙungiyar 'yan sikawut da makamantanta. Mashawartan suna shiga matsalolin gida, su sasanta rikici, su taya uba neman aiki. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗebe wasu ma'aikata, man fetur kuma ya yi wuya, sai a 1942 aka rage yawan yaran, kuma duk yaron da aka cire ana cire takwaransa, aka bar 253 a kowane ɓangare. An rufe shirin a 1945.

Ranar Wanka

Mashawartan sun bar aikin da yaƙinin cewa mafi yawan yaran da suka riƙa sun amfana. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 1951 Edwin Powers, wanda ya shugabanci shirin, da Helen Witmer suka wallafa rahotonsa, kuma takardun kotu da na 'yan sanda ba su nuna wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin rukunonin biyu ba. Gaskiya ne cewa yara da yawa da aka yi wa hasashen lalacewa sun shiryu, sai dai takwarorinsu da babu wanda ya ziyarta su ma sun shiryu daidai wannan adadi. Da babu rukunin kwatanci, da an ƙirga kowane yaron da ya shiryu a cikin nasarorin shirin, an buga ganga, an kuma yaɗa shi zuwa wasu garuruwa.

Wasu suka ce a yi haƙuri, irin da aka shuka a zuciyar yaro sai ya girma yake tsirowa. A 1959 William McCord da Joan McCord suka sake duba takardun, yaran sun zama magidanta, har yanzu babu amfanin da ya bayyana. A tsakiyar shekarun 1970 Joan McCord ta koma kan aikin, ta bi kundayen kotuna da asibitocin ƙwaƙwalwa da cibiyoyin jinyar mashaya da rajistar mutuwa, har ta gano inda 480 daga cikin 506 suka ƙare, 48 a cikinsu sun riga sun rasu. Ta kuma aika wa rayayyun takardun tambayoyi.

Kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda suka amsa daga rukunin da aka taimaka sun ce shirin ya yi musu rana. Wasu sun ce shi ya hana su faɗawa hanyar banza. Takardun hukuma kuwa suka faɗi wata magana dabam. Babu wani ma'auni na zahiri da ya nuna rayuwarsu ta fi ta takwarorinsu kyau. A cikin waɗanda suka taɓa aikata laifi, 'yan rukunin da aka taimaka sun fi komawa ga laifi na biyu. Sun fi nuna alamun jarabar giya da taɓin hankali mai tsanani, sun fi fama da cututtukan da damuwa ke rura wa wuta irin su hawan jini da ciwon zuciya, sun fi zama a ƙananan ayyuka da rashin jin daɗin aikin, waɗanda suka mutu a cikinsu kuma sun mutu da ƙarancin shekaru. Da McCord ta haɗa munanan sakamako wuri guda, wato mutuwa kafin shekara 35, ko hukunci a kan babban laifi, ko tabbacin likita na jarabar giya ko taɓin hankali, sai ta sami kashi 42 cikin 100 a rukunin da aka taimaka, da kashi 32 a rukunin da aka bari. Ta kuma lura cewa cutarwar ta fi bayyana ga waɗanda suka fi daɗewa a shirin da waɗanda aka fi yawan ziyarta.

Me Ya Jawo Haka?

Gwajin ya nuna abin da ya faru, amma ba a tsara shi don ya bayyana dalili ba, saboda haka McCord ta kawo hasashe huɗu. Mai yiwuwa yaran sun saba da dogaro ga mashawarci, da aka rufe shirin sai suka rasa madafa. Mai yiwuwa an ɗaga musu buri zuwa inda rayuwar unguwarsu ba za ta iya kai su ba, sai takaici ya biyo baya. Mai yiwuwa ɗabi'un mashawartan, waɗanda 'yan boko ne masu rufin asiri, sun ci karo da na iyayen yaran, yaro ya rasa wanda zai bi. Mai yiwuwa kuma zuwan baƙo gida sau biyu a wata ya sa yaro da danginsa suka ɗauka cewa lalle akwai abin da ke damunsa.

Daga baya wani bayani na biyar ya fi samun goyon bayan hujja. Da aka sake tantance bayanan, sai aka ga yaran da aka tura sansanin hutu fiye da sau ɗaya su ne suka fi kowa lalacewa idan aka kwatanta su da takwarorinsu. A 1999 McCord da Thomas Dishion da François Poulin suka wallafa maƙala a kan yadda taimako ke iya zama cuta. Dishion ya ɗauki hirar samari a bidiyo a jihar Oregon, ya lura cewa idan ɗaya ya yi maganar karya doka abokinsa ya yi dariya, dariyar tana zama lada, kuma yawan irin wannan hira yana hasashen shaye-shaye da laifi a shekarun gaba. Tara yara masu matsala iri ɗaya a wuri ɗaya, ko da don a gyara su ne, yana ba su masu sauraro da masu tafi. Bahaushe ya riga ya faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Adalci ne a faɗi iyakar wannan gwaji. Mashawartan Kambirij da Somabil ba su da wata hanya guda da aka horar da su a kai, kowa yana yin abin da ya ga ya dace. Maza ne kawai aka gwada, a garuruwa biyu, a zamanin yaƙi. Gwajin bai ce duk ba da shawara cuta ba ne. Abin da ya tabbatar shi ne shiri na iya cutarwa alhali mai bayarwa da mai karɓa duk suna murna da shi.

Yadda Sana'ar Ta Koyi Auna Kanta

Yayin da ake jiran yaran Cabot su girma, wasu masana suna ta buɗe ƙofar ɗakin shawara ta wasu hanyoyi. A farkon shekarun 1940 Carl Rogers, yana Jami'ar Jihar Ohayo, ya fara ɗaukar zaman shawara a faifan garmaho, kuma littafinsa na 1942 ya ƙunshi hirarsa da wani mutum kalma bayan kalma a zama takwas. Wannan ya sauya horo, domin daga nan malami zai iya jin abin da ɗalibinsa ya faɗa wa mai neman shawara da kunnensa, maimakon ya dogara da labarin da ɗalibin ya ba shi. A 1952 Hans Eysenck na Landan ya tayar da ƙura da ya ce kimanin kashi biyu cikin uku na masu ciwon damuwa suna samun sauƙi cikin shekara biyu, ko an yi musu jinyar hira ko ba a yi ba. An soki lissafinsa, kuma sukar tana da hujja, amma ya tilasta wa masu sana'ar su fito da shaida.

Buƙatar shaidar ta ƙaru da sana'ar ta faɗaɗa. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko a 1957, Amurka ta kafa dokar ilimi ta 1958 wadda ta ware kuɗi don horar da mashawartan makaranta, domin a gano ɗalibai masu hazaƙa a karkata su ga kimiyya. Mashawarta suka yawaita cikin 'yan shekaru, tambayar ingancin horonsu ta taso, har a 1981 aka kafa hukumar da ke tantance kwasa-kwasan horar da su. A 1977 Mary Lee Smith da Gene Glass suka tattara gwaje-gwaje 375 suka auna su tare, suka tarar matsakaicin wanda aka yi wa jinyar hira ya fi kashi 75 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi. Shekara ɗaya bayan nan maƙalar McCord ta fito. Binciken biyu ba su ƙaryata juna ba. A dunƙule aikin yana da amfani, amma ba kowane shiri ne ke da rabo a wannan amfani ba, kuma ido kaɗai ba ya bambance su.

Shekarun da suka biyo baya sun maimaita darasin. A shekarun 1970 wani kurkuku a jihar New Jersey ya fara shirin kai yara masu ƙiriniya su ga fursunoni, a tsorata su don su shiryu. Fim ɗin da aka yi a kansa a 1978 ya ci lambar yabo ta Oscar, aka kwaikwayi shirin a wurare da yawa. Da Anthony Petrosino da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje tara da aka yi da ƙuri'a, sai suka ga yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi. A 2005 kuma tawagar Michael Lambert ta nemi mashawarta a wata cibiyar jami'a su yi hasashen wanda halinsa zai taɓarɓare cikin mutum 550 da suke gani. Sun ambaci mutum uku, ɗaya kacal suka dace, alhali mutum 40 ne suka taɓarɓare. Irin wannan sakamako ne ya sa cibiyoyi da yawa yanzu suke ba mai neman shawara gajeriyar takardar tambayoyi a kowane zama, don mashawarci ya ga alamar koma-baya da wuri.

A makarantu ma sikelin ya nuna fuska biyu. A 2011 Joseph Durlak da abokan aikinsa suka tattara shirye-shirye 213 na koya wa ɗalibai sarrafa fushi da damuwa da zama da mutane, waɗanda suka shafi ɗalibai fiye da 270,000, suka tarar ɗabi'a da sakamakon jarrabawa duk sun inganta, musamman inda aka bi tsari yadda ya kamata. A 2022 kuwa wani babban gwaji a makarantun sakandare 84 na Birtaniya, mai ɗalibai fiye da 8,000, ya nuna darussan natsuwa da tattara hankali da aka ɗora wa buri ba su fi darussan da aka saba yi ba. A jihar Bihar ta Indiya, wani gwaji da aka wallafa a 2018 ya kai shiri guda makarantu fiye da 70. Inda aka ɗauki mutum na musamman daga cikin jama'a aka horar da shi ya zama mashawarci, baƙin ciki da cin zali sun ragu a tsakanin ɗalibai. Inda aka ɗora wa malamin aji wannan aiki a kan nasa, ba a ga wani canji ba.

Inda Tarihin Ya Taɓa Mu

Wannan sana'a ta iso Nijeriya da kayan aikinta na Amurka. Masana suna danganta farkonta da shekarar 1959, lokacin da sistocin Katolika na Kwalejin St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato masu sana'o'i daban-daban su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani a kan aiki. A 1976 aka kafa ƙungiyar mashawarta ta ƙasa, a 1977 kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a samar da mashawarta a makarantun gaba da firamare. Buƙata kuwa tana nan, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 a duniya yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Abin tambaya shi ne ko mun karɓi sana'ar tare da sikelinta. Duk wanda ya yi sakandare a nan ya san yadda ake yawan miƙa ofishin shawara ga malamin da darussansa ba su da yawa, ba tare da horo ba, wanda shi ne tsarin da bai yi aiki a Bihar ba. Mun san yadda ake tara ɗalibai masu taurin kai a aji ɗaya, ko a tura kangararru gidan horo su zauna da ire-irensu, wanda shi ne abin da binciken Dishion ya yi gargaɗi a kai. Mun kuma san taron wayar da kai a kan shaye-shaye da ake cika shi da labaran ban tsoro, a ɗauki hoto, a watse, babu mai komowa bayan shekara ya ga abin da ya biyo baya. Ba na cewa waɗannan suna cutarwa, domin abin da ya faru a Masacusets ba dole ne ya faru a Kano ko Maraɗi ba. Abin da nake cewa shi ne hanyar sani tana nan, kuma ba ta fi ƙarfinmu ba. Idan kuɗin wani shiri ba zai isa makarantu 40 ba sai 20, ana iya zaɓen 20 ɗin da ƙuri'a, a riƙe rajistar zuwa makaranta da ta sakamakon jarrabawa da ta kora a duka 40, a kwatanta bayan shekara biyu. Sassan koyar da jagoranci da ba da shawara na jami'o'inmu suna da ɗaliban da za su iya wannan aiki a matsayin kundin digirinsu.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tarihin nan bai kira mu ga ƙin tashi ba, domin yaran da ke cikin damuwa suna buƙatar mai sauraronsu, kuma bincike ya nuna akwai hanyoyin da ke aiki. Ya dai nuna cewa mai rawa ba ya ganin bayansa. Mashawartan Kambirij da Somabil mutanen kirki ne, sun ba da shekarunsu ga 'ya'yan wasu, yaran kuma sun so su har bayan sun girma. Duk da haka, da ba don yara 253 da kwabo ya bari a gefe ba, da har yau ana ba da labarin shirin a matsayin nasara.

Cabot bai rayu ya ga sakamakon ba, kuma burinsa na rage laifi bai cika ba. Amma shi ne ya dage a jefa kwabon, ya kuma sa aka adana takardun da McCord ta buɗe bayan shekara 30. Duk mai shirin buɗe ofishin shawara a wata makaranta, ko ɗaukar nauyin wani shiri na gyaran matasa, yana da kyau kafin ya fara ya tanadi amsar tambayar da wannan likita ya yi wa abokan aikinsa a 1931: da me za a gane cewa aikin ya yi nasara, da me kuma za a gane cewa ya faɗi?